Malam Mansur Ba Ya Cikin Shirin

Jama'ar gurup, salamu alaikum. Masu turo mini saƙo cewa dattijo kamata bai dace da labarin soyayya ba, na ji, Allah shi saka da alheri. Masu tambaya ko da gaske sanƙo gare ni, i, gare ni, kuma ba aro na yi ba.

Ga waɗanda yau sunka shigo: sunana Tanimun, mai gyaran injin ban-ruwa a Birnin Ƙonni. Rumfata tana bakin hanyar da ta nufi iyaka, inda wayar mutum kan kwana Nijar ta tashi Najeriya ba tare da ta fita aljihu ba. Na haye hamsin. Uwar 'ya'yana ta rasu da daɗewa, Allah shi jiƙanta. Tun daga nan nike zaune da autata Surayya, da kuma vokal, wato saƙon murya, na Yaya Wasila.

Yaya Wasila yayata ce, tana aure Malbaza, amma nisa bai taɓa hana ta aikinta ba. Kafin in kurɓi shayin safe saƙonta ya iso.

"Tanimun, Surayya aure za ta yi bayan damina. Wa zai dama maka fura? Inji?"

Sai hoto ya biyo baya. "Wagga bazawara ce, tana da firiza." Wani hoton. "Wagga ba ta da surutu ko kaɗan."

Na rubuta mata, to Yaya ki je ta koya miki. Na karanta, na goge, na tura "Allah shi zaɓa mana mafi alheri." Ni ma ina son raina.

Abin da Yaya ba ta sani ba, ko kuma abin da nike zaton ba ta sani ba, shi ne Zalika.

Zalika tana wani ƙauye gaba da Bazaga, cikin kwari. Mijinta ya rasu ya bar mata lambun albasa da wani tsohon inji mai tari kamar mai shan taba. Ranar da anka kira ni gyara, na iske ta tsaye bakin rijiya da atamfa ruwan ganye, ta ɗaura kallabi a karkace, lallen ƙafarta ya fara kodewa, tana yi ma injin faɗa kamar yaron gida. Ina kwance kabireta tana ba ni labarin abin da ke cin ranta, kuma ba injin ba ne. Ta yi zaman jego wajen ɗiyarta a Ƙonni, ta saba da wani shiri mai dogon zango da ake kallo a waya, ta wata aplikasiyon da ba zan faɗi sunanta ba tunda ba su ɗauke ni talla ba. Ana tsakiyar rikici ta koma ƙauye.

"Malam, nan rezo, sabis ɗin waya, ba ya sauka kwari," ta ce. "Sai ka hau jigawa, ka taka tsohuwar tayar tarakta, ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa, kana saƙo guda shi shigo. Fim kuwa? Sai dai wanga abu mai juyawa shi yi ta juyawa har hannunka shi sage. Na bar Gwaggo Hanifa za a kore ta daga gidan mijinta, ban san ko ta fita ba."

Bakina ya riga hankalina. "Ai ina da abonema."

Surayya ke da shi, ita ke biyan kuɗin kallon duk wata. Ni a lokacin ban san Gwaggo Hanifa daga gwaggon biri ba.

Na dawo gida da niyyar in ɗauko mata shirin a waya in kai. Surayya ta dube ni da tausayi irin na 'ya'yan zamani.

"Baba, ba a ajiyewa. Sai da rezo ake kallo."

"Ba mun biya ba?"

"Mun biya kallo, ba mu biya ajiya ba."

Ta nuna mini dabarar ɗaukar fuskar waya, munka gwada, hoton ya fito baƙi ƙirin, sun toshe. Na ce ni makaniki ne, ba a yi mini haka. Na jingina wayarta jikin buta, na ɗauke ta da tawa. Da munka kunna, abin da ya fito shi ne sanƙona yana walƙiya cikin gilashi, da kukan akuyar maƙwabta daga farko har ƙarshe. Surayya ta yi dariya har ta zauna cikin kwandon wanki.

Ranar na yi ta bambami a rumfa. Idrissa, maƙwabcina mai sayar da mai a kwalba, shaida ne. Na ce wannan zalunci ne, kamar ka sayi buhun hatsi a ce sai cikin shagon mai hatsi za ka ci tuwon. Na ce masu shirin suna zaton duk duniya birni ce. Idrissa ya ce wallahi gaskiyarka.

To tunda waya ta ƙi ɗauka, kai ya ɗauka. Na zauna na kalli shirin, na haddace shi kamar mai shirin jarrabawa, ranar Juma'a bayan masallaci na hau moto, babur ɗina. Na ce ma Surayya injin Zalika yana buƙatar bibiya. Injin nan, jama'a, babu injin da anka bibiya kamarsa a duk jihar Tawa.

Ƙarƙashin dogon-yaron tsakar gidanta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura cikin ƙwarya da ludayi, da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli. Ta zauna can gefe kan turmi tana ɓarar gyaɗa. Na fara ba da labari a natse, irin na dattijo. Kafin la'asar na miƙe tsaye ina yin muryar Gwaggo Hanifa da hannu a ƙugu. Zalika ta yi dariya har gyaɗar ta zube. Wushirya gare ta. Ban san haka ba sai ranar, kuma tun ranar ban sake zama lafiya ba.

Juma'a ta gaba na iske maƙwabtanta. Ta gaba da ita na iske rabin matan ƙauyen, kowa da kujerar tsugunno, masu goyo da masu tsinken tsifa a kai. Ni Tanimun, wanda ko a ɗaurin aure ba a ba shi lasifika, na zama gidan telebijin.

A nan Shaiɗan ya zo da shawara, kuma ya zo da ladabi.

Gwaggo Hanifa ta shirin nan, mijinta ya rasu, tana da kaifin baki, kuma babu mai kula ta. Na ga masu shirin sun yi sakaci. Sai wata Juma'a na ji bakina yana cewa, "Ana haka sai ga wani mutum ya yi sallama, wai shi Malam Mansur."

Babu wani Malam Mansur a shirin. Ni na haife shi, nan kan tabarma.

Kuma na yi wayo, kada ku raina ni. Ban ce mai gyaran injin ban-ruwa ne ba, na ce mai gyaran injin niƙa. Wa zai gane? Na ba shi shekaru daidai misali, na ba shi moto, na ba shi haƙuri. Sanƙon ne ban san lokacin da ya shiga ba. Wata tsohuwa ta ce, "Kyakkyawa ne?" Na ce, to, irin kyan nan da sai an zauna da mutum. Zalika ba ta ɗago ba, gyaɗarta take ɓara.

Malam Mansur ya karɓu fiye da jarumin shirin. Ya gyara ma Gwaggo Hanifa inji bai karɓi ko sisi ba. Ya kawo mata turare ya ce tsintarsa ya yi. A ƙarshe na kai shi ƙofar gidanta, ya tuɓe hula ya riƙe a hannu, zai faɗi abin da ke ransa. Nan na maƙale. Duk Juma'a sai in kawo dalili. Zai buɗe baki anka kira salla. Zai buɗe baki hadari ya taso. Zai buɗe baki rago ya tsinke.

"Wai shi wanga bebe ne?" in ji tsohuwar nan.

"Kunya gare shi, Inna."

"Kunya da furfura? Hular nan ai ta jiƙe da zufa!"

Zalika ta ce a hankali, "Ku ƙyale shi. Wata ƙila shina tsoron amsa."

A hanyar komawa ranar, sau nawa na yi ma jakuna sallama ban sani ba.

Ina cikin wannan daɗi Surayya ta shigo da gudu wata safiya, ɗankwali a hannu.

"Baba, albishirinka! Sun ji kukanka!"

Masu aplikasiyon sun turo ma duk mai abonema tambaya: a sa maɓallin da mutum zai ajiye shiri cikin wayarsa ya kalla inda babu rezo, ko a bari yadda yake? A danna i, ko a'a.

Shayin ya bi ta hanyar da ba tasa ba. In Zalika ta samu shirin a hannunta, me zai kai ni ƙauye? Inji ma ya gaji da ganina. Kuma in ta kalla da idonta, za ta nemi Malam Mansur daga farko har ƙarshe, ta ga babu shi, babu moto, babu hula. Ta gane wani tsoho ya yi ta zama tsakar gidanta yana shan furarta yana shara ƙarya gaban mutanen garinta.

"Danna a'a," na ce.

"Baba?"

"A'a na ce."

Labari ya riga ni rumfa. Idrissa ya bar kwalabensa ya taho, tsumman goge hannu a kafaɗa.

"Tanimun, ba kai ne mai buhun hatsi ba?"

"Na yi tunani."

"Da wane kai?"

"Idrissa, ka duba. In anka bari kowa shi ajiye, gobe masu tura fim na bakin tasha sun kwashe sun zuba ma duniya a memori. Wa zai sake biya? 'Yan wasan nan su ci mi? Su ma iyali gare su. Mai kamara, mai dafa musu abinci, har mai riƙe lema."

"Sun ce cikin aplikasiyon zai zauna, ba ya fita. Abonema ya ƙare, shi ma ya kulle."

"Ɗan Ƙonni za a ce ma abu ba ya fita? Garin da raƙumi kan ƙetare iyaka da sunan akuya?"

"To mu da munka biya fa? Wutar kuran ta ɗauke, rezo shi ɗauke, wata shi ƙare ba ka ga komai ba, kuɗinka sun tafi. Matata tana Alela wajen uwarta tana jinya, ita ba mutum ba ce? Mai biya shi za a hukunta don ɓarawo? Ɓarawon ai tuni ya san hanyarsa, mu masu gaskiya anka ɗaure."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara ɗaga murya. Abin mamaki, ina cikin kare 'yan fim sai na ji na fara tausayinsu da gaske. Ni ma yanzu na san zafin ƙirƙiro mutum daga babu. Duk wanda ya kawo inji makon nan sai ya sha wa'azin haƙƙin mai fasaha kafin in taɓa sifana. Wani manomi daga Illela ya ce shi ko wayar shafawa ba shi da ita. Na ce duk da haka, ka riƙe a ranka, a'a.

Masu i sunka cinye, da rata mai kunya.

Maɓallin ya fito, ɗan kibiya mai kallon ƙasa. Kuma kamar an shirya, Zalika ta shigo Ƙonni ganin jikarta, ta biyo ta gidana da kwandon albasa ina rumfa. Na dawo na iske Surayya tana waƙa a madafa.

"Baba, Inna Zalika ta zo. Na sa ta cikin abonemanmu, ai yana ɗaukar waya biyu. Na cika mata wayarta tun daga kashi na farko."

"Wa ya aike ki?"

"Gwaggo Wasila ta ce taimakon bazawara lada ne."

Ashe Malbaza ma an sani. Kafin in zauna vokal ya shigo: "Tanimun, an ce kana tahiya Bazaga da turare. Inji ke shaƙa?"

Juma'ar nan ban je ba. Na ce ciwon baya. Waya shiru. Na kan ɗaga ta sama cikin rumfa, ni da ke tsakiyar rezo na ƙasa biyu. Na haɗa injin wani bawan Allah, ya dawo da shi a kan amalanke ya ce ruwan lambu yake kwashewa yana mayarwa rijiya. Idrissa ya ce in je likita.

Ranar Laraba da hantsi, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, wayar ta yi ƙara. Zalika. Vokal. Na danna da haɓa.

Iskar jigawa ce ta fara shigowa, fuu, da muryoyin mata can ƙasa, wata tana cewa riƙe mata zane kada ta faɗo daga tayar.

"Salamu alaikum, Malam Tanimun. An ce baya. Allah shi sawwaƙe. Mun kalli shirin, mu duka, har batir ya mutu munka kai caji wajen mai sola." Na ce a raina, asirina ya tonu. "Malam, shirin nasu ba shi da gishiri. Sun yanke Malam Mansur."

Dariya ta fashe a bayanta kamar an ɓare buhun gero.

Na biyu ya shigo. "Kada ka wahal da kanka. Tun ranar da ka ce yana sosa ƙeya da sifana in ya ji kunya munka gane. Kana faɗi kana sosawa."

Na duba hannuna. Sifana tana ƙeyata.

Na uku ya fi tsawo, kuma muryarta ta sauka, kamar ta juya ma matan baya.

"Surayya ta ce kai a'a ka danna. Ni da an tambaye ni, i zan ce. Abin da mutum ke so, yana son shi kusa, don ranar da hanya ta yanke. Damina ta kama, ƙorama za ta cika, moto ba ya ƙetarewa. Shi ya sa tun Juma'a ta biyu nike aje waya ƙarƙashin faifan gyaɗa. Duk labarinka yana ciki. Mata sun tura ma juna, ya kai har Alela. Ban nemi izini ba, ka yi haƙuri. In ina ban-ruwa nike saurare."

Jama'a, an yi mini satar fasaha. Ni, shugaban masu a'a na Birnin Ƙonni, an naɗe ni ƙarƙashin faifai, ana yawo da ni gari gari ba abonema. Na nemi fushin da na yi mako guda ina wa'azinsa, na laluba ko'ina, ban same shi ba. Sai na tsinci kaina ina zagaya rumfa ina yi ma injinan mutane murmushi. Muryata. A lambu. Tana saurare.

Idrissa, wanda ashe ya ji komai, ya ce, "To mai haƙƙi, za ka kai ƙara jandarma?"

"Na yafe."

"'Yan wasan su ci mi?"

"Fura."

Vokal ɗinta na ƙarshe gajere ne. "Mun bar Malam Mansur bakin ƙofa da hula a hannu. Ka zo Juma'a ka ƙarasa muna. Yayana Malam Ishaku ma ya saurara, ya ce shina son jin ƙarshen da kunnensa."

Malam Ishaku shi ne babban gidansu. In za a nemi Zalika, wajensa za a nema.

Ranar Juma'a Surayya ta fiddo shaddata ruwan ƙasa wadda ban sa ba tun sallar bara, ta goge ta har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ta zaɓo hula, ta ce wannan ta fi rufe matsalar. Ta fesa mini turare har kaji sunka bar tsakar gida. Yaya Wasila ta turo vokal, karo na farko a tarihi gajere: "In ka dawo ba magana, kada ka biyo ta Malbaza." Na tsaya kasuwa na sayi goro, na ce ma kaina na ci ne a hanya, ni da haƙorana ba sa son goro.

An yi ruwa daren jiya, ƙoramar ta kawo har gwiwa. Na tuɓe takalma na rataya a wuya, na naɗe babbar riga na ɗora a kai, na tura moto cikin ruwa ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Duk tsawon hanya ina tsara abin da Malam Mansur zai ce. Na tsara mai hikima, na tsara mai karin magana, na tsara wanda zai sa tsohuwar nan kuka.

Na yi sallama, na shiga, komai ya gudu daga kaina.

An share tsakar gidan har ana ganin sawun tsintsiya. Ƙarƙashin dogon-yaro ba tabarmata ba ce, babbar darduma ce, a kanta dattawa cikin fararen riguna, a tsakiyarsu wani dogo mai gemu da wushirya irin ta Zalika, Malam Ishaku ke nan. Matan suna bayan zana, ba a ganin kowa sai hannuwa a sama, kowane hannu da waya. Yau ko faifai ba a nema ba.

Munka gaisa, munka sake gaisawa. Na tambayi gida, na tambayi gona, na tambayi ruwa, na koma na tambayi gida. Ban san lokacin da na tuɓe hula ba, sai ganinta na yi a hannuna.

Daga bayan zana muryar Zalika ta fito, tana danne dariya. "To Malam, ina munka tsaya?"

Na gyara murya. Na ce, "To. Ana haka, sai Malam Mansur ya ce..."

Malam Ishaku ya ɗaga hannu. Ya dubi hular, ya dubi ƙullin goron da ke leƙowa daga aljihuna, ya dube ni.

"Malam Tanimun," ya ce, "Mansur ya sha tsayuwa, a bar shi shi huta. Kai munka taru mu ji."